Sit ɗin mashin don doguwar tafiya: a sayi sabo, a kai wa mai kushin, ko a ɗora wani abu a kai?

Sit ɗin da kamfani ya ɗora wa Boxer ko TVS ko Jincheng ba shi da laifi muddin tafiyar daga Hotoro ce zuwa Kantin Kwari. Minti ashirin ka sauka. Amma ɗauki hanyar Zariya, kilomita 150 da ɗoriya, wajen awa uku a ƙaramin mashin in ba gudun ganganci za a yi ba. Tun kafin Kwanar Dangora mutum zai fara mutsu-mutsu: ya matsa gaba, ya ja baya, ya karkace ya ɗaga ɓari ɗaya. Daga nan kwankwaso ya ɗauka, cinya ta sage, wando ya jiƙe da gumi. Da an dawo gida sai a nufi wajen mai kushin a ce, "Oga, ƙara min soso, ya yi laushi sosai." A nan ake ɓata kuɗi.

Laushi ba shi ne daɗin zama ba. Nauyin mai zaune yana sauka ne a kan ƙasusuwa biyu na mazaunai, waɗanda tsakaninsu a babban namiji yakan kama daga santimita 10 zuwa 13, na mace kuma ya ɗan fi haka faɗi. Sosan katifa, irin wanda ake cusa wa sit ɗin acaban ƙauye har ya yi tozo, yana da daɗi a minti goma na farko. Bayan haka sai ya lotse gaba ɗaya a ƙarƙashin ƙasusuwan nan biyu, ka koma kana zaune a kan farantin ƙarfe ko roba, sosan da ke tsakiya kuwa, wanda bai lotse ba, ya turo sama ya danne matsematsi inda jijiyoyi da hanyoyin jini suke. Sagewar da ake ji a gaba bayan awa biyu daga nan take zuwa. Sit mai kyau yana da ɗan tauri in ka danna shi da babban yatsa, yana da faɗi a inda ake zama, kuma a shimfiɗe yake, bai gangaro wajen tanki ba.

Kafin ka je ko'ina, auna kanka. Samu kwalin taliya ko na sabulu mai ninki, shimfiɗa shi a kan benci ko dakali, ka zauna ka ɗan sunkuyo kamar kana riƙe da kan mashin, ka yi minti ɗaya. In ka tashi za ka ga ramuka biyu. Auna daga tsakiyar wannan zuwa tsakiyar wancan. Wurin zama a sit sai ya zarce wannan awon da aƙalla santimita 7 zuwa 8 ta kowane gefe kafin ya fara lanƙwasa ƙasa, wato faɗin santimita 24 zuwa 29 ga yawancin maza. Yanzu ɗora tef ɗin a kan sit ɗinka, a daidai inda ledar ta fi sheƙi saboda zama. Sau da yawa za ka tarar shimfiɗaɗɗen wurin bai kai haka ba, sauran duk gangare ne. Ka gano rabin ciwonka.

Sabon sit na kasuwa

Shi ne hanya mafi sauri. Ka shiga wajen masu kayan mashin a Sabon Gari ko Ƙofar Ruwa, ka faɗi sunan mashin, a miƙo maka, bakanike ya kwance noti biyu ya ɗaura. Sai dai ka san abin da ka saya. In na asali ne na kamfani, ka dawo da sit ɗin da ya gajiyar da kai ne, sabo fil. Wannan yana da amfani ga wanda sosansa ya mutu don tsufa, ko farantin ya tsage, ko ruwa ya riga ya ruɓar da cikin. Ba ya maganin ƙuncin faɗi ko gangare.

Na kwaikwayo kuwa araha ba ta ado. Ɗaga shi ka ji nauyinsa a hannu, ka gwada da na asali: in ya yi sakayau, sosan iska ne. Juya shi ka duba ƙasa. Faranti mai kyau ba ya murɗewa in ka kama gaba da baya ka juya; na banza yana lanƙwasa kamar murfin bokiti. Ƙirga robobin da ke zama a kan firam, ka tabbata duk suna nan kuma a daidai wurin da na tsohon suke, domin in roba ɗaya ta kauce, nauyinka zai sauka a kan harshen gaba da notinan baya kawai, faranti ya tsage cikin 'yan watanni, kafin nan kuma duk girgizar inji a jikinka za ta ƙare. Ramukan noti su faɗa da kansu. Sit ɗin da sai an danne shi da gwiwa kafin noti ya shiga, mayar wa mai shago da abinsa.

Akwai kuma dogon sit da ake ƙera wa masu ɗaukar mutum biyu ko uku a baya, wanda ke hawa har kan kariyar ɗaukar kaya. Na neman kuɗi ne, ba na jin daɗin direba ba. Yana tura direba ya manne da tanki, inda sit ya fi ƙunci.

Gyara a kan farantin asali

Ga mai ƙaramin mashin a Kano, wannan ne kwalliyarsa ke biyan kuɗin sabulu, da sharaɗin ka tsaya a kan aikin. Farantin kamfani ya riga ya dace da firam, abin da za a canza soso ne da siffa da riga. Masu ɗinkin kujerun mota da na Adaidaita Sahu sun fi masu kujerun falo sanin wannan aikin, don sun saba da abin da ke shan rana da girgiza.

Maganar soso ita ce babba. Ana auna ƙarfinsa da nauyin kilo nawa yake yi a kowace mita ɗaya ta tsawo, faɗi da kauri. Sosan katifa na gama-gari yana wajen 20 zuwa 30. Wanda ake so a ƙasan sit shi ne sosan nan mai dabbare-dabbare da aka haɗa da gutsattsari aka matse, irin na cikin katifar masu ciwon baya, mai nauyin 80 zuwa 100. Ba sai ka yarda da bakin mai sayarwa ba, sikeli zai raba gardama. Yanki mai santimita 30 tsawo, 30 faɗi, 5 kauri, in na 20 ne giram 90 zai yi, in na 80 ne giram 360, in na 100 ne giram 450. Sikelin mai sayar da kayan miya na lantarki ya isa.

Hawa uku ake jerawa. A ƙasa, matsattsen sosan nan, santimita 4 zuwa 5, shi ke ɗaukar nauyi. A tsakiya, soso mai matsakaicin ƙarfi, santimita 2. A sama, siririn soso mai laushi na santimita 1 da zai lulluɓe duka, don ya ɓoye gaɓoɓin da aka haɗa, kada su fito a jikin leda. In sosan kamfani bai mutu ba, ba sai an zubar da shi duka ba. A yanke samansa daidai wurin zama, zurfin santimita 3 zuwa 4, a cike ramin da matsattsen soso, a manna ɓalli biyu a gefe don faɗi. Sosan kamfani zubin injin ne, ƙasansa ya bi duk lungunan farantin, abin da hannu ba zai iya sassaƙawa daidai ba.

Sai siffa, kuma a nan ne ya kamata ka zauna a shagon ko da za ka yini. Kada a sa riga tukuna. A ɗora sit ɗin tsirara a kan mashin, a kafe shi a kan babbar ƙafar tsakiya, ka hau, ka kama kai, ka ɗora ƙafafu a mataki, ka yi minti goma zuwa sha biyar. Duk inda ka ji yana tokarinka, sa a yi masa alama da maka, a sauke, a goge da ruwan zarto ko sanfefa mai kaushi, a mayar. Sau uku, sau huɗu, ba komai. Abin da ake nema: wurin zama ya kwanta daidai ko gabansa ya ɗaga kaɗan, kamar kaurin yatsa ɗaya, don kada kowane birki ya zazzago da kai kan tanki. Tsakiya ya ɗan faɗa kamar faifai, santimita 1 ya wadatar, ba rami mai zurfi da zai kulle ka wuri ɗaya ba, domin a doguwar hanya dole mutum ya riƙa gyara zama. Hancin sit, wajen tanki, a bar shi siriri, a dasashe gefunansa. In aka faɗaɗa har gaba, gefen zai riƙa cin cikin cinya, kuma ƙafa ba za ta kai ƙasa da kyau ba.

Tudu ma da lissafinsa. Dogon mutum wanda gwiwarsa ke fin kwankwasonsa tsawo in ya hau zai ji sauƙi ƙwarai da ƙarin santimita 2 ko 3, don gwiwa ta warware kuma nauyi ya bazu a cinya maimakon ya taru a baya. Amma mashin ɗin da zai kai ka Katsina shi ne dai zai shiga cunkoson Bata da 'Yankura, shi zai shiga yashin lungu. In ka tsaya, tafin ƙafa ɗaya ya zauna a ƙasa sosai, ko gaban ƙafafu biyu su taka da ƙarfi. Wanda ke ɗangyashi da yatsu alhali uwargida da buhun shinkafa suna baya, faɗuwarsa lokaci kawai take jira.

Gam ɗin da ake sawa irin na masu takalmi ne. A shafa siriri a fuska biyu, a bari ya sha iska minti biyar zuwa goma har ya daina kama yatsa, sannan a haɗa. In aka labta shi da yawa ko aka haɗa da ɗanyensa, zai bushe ya zama ɓawo mai tauri a tsakiyar soso, ka riƙa jin layi a ƙarƙashinka kamar ka zauna a kan igiya. Kafin a ja riga, a lulluɓe soson da siririyar leda irin ta ƙunshi. Da yawa ba sa yi sai an ce su yi, kuma ita ce bambanci tsakanin sit ɗin da zai ga damina uku da wanda ruwan Agusta ɗaya zai shiga ta ɗinki ya kwanta a ciki, ka yi sati kana tashi da jiƙaƙƙen wando ko rana ta fito. In farantin ƙarfe ne, a kankare tsatsa a shafa fenti tukuna. In na roba ne, fil ɗin da za a harba kada ya wuce milimita 6 zuwa 8, dogo zai huda ya fito cikin soso.

Rigar kanta: baƙar leda mai sheƙi ita ce ta fi yawa, ita ce kuma ta fi muni ga mai tafiya. A watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40, mashin ya yi awa ɗaya a rana ba ya hawuwa sai an ɗora tsumma. Ga santsi: shadda mai sitati a kan leda mai sheƙi kamar sabulu ce a kan tayil. Zaɓi leda mai ɗan kaushi, mai saƙa a bayanta da ke miƙewa ta kowane ɓangare, launin toka ko ruwan ƙasa in da hali. Ɗinki kada ya ratsa wurin zama. Ɗinkin ado na lu'u-lu'u da ake yayi ramukan allura ne ɗaruruwa, kowanne ƙofar ruwa. Kuma kada a ja rigar ta yi tam kamar fatar kalangu, don za ta danne duk siffar da aka sha wahalar sassaƙawa. Fatar gaske, wadda garin nan ba ya rashinta, tana shan gumi kuma ba ta ƙuna kamar leda, amma tana son mai lokaci-lokaci, ba ta son kwana a ruwa, hunturu kuma na busar da ita ta tsattsage. Mai ajiye mashin a zaure ko gareji zai more ta. Mai barin nasa a ƙofar shago, ya haƙura.

Abubuwan da ake ɗorawa a kai

Waɗannan ba sa gyara sit ɗin da siffarsa ta ɓaci, kowanne matsala ɗaya yake magancewa.

Rigar raga mai kauri, wadda ke kama da saƙar zuma, ita ce ta fi dacewa da garinmu. Kaurinta bai kai santimita ɗaya ba, iska na ratsawa ta ƙarƙashinka, ruwa na zurarewa, ko a rana aka bar mashin ba ta ɗaukar zafi kamar leda. Gumi shi ke jawo rabin raɗaɗin doguwar tafiya, don jiƙaƙƙiyar fata ce ke saurin saɓulewa. Matse ta tsakanin yatsu biyu kafin ka biya: mai kyau tana turjiya ta dawo, ta banza tana kwanciya. Aibinta biyu. Tana tara ƙurar hunturu, ƙurar kuma ta riƙa goge ledar ƙasa kamar sanfefa, don haka a cire a wanke duk wata. Sannan tana cin zaren yadi mai laushi, mai fita da tsadadden yadi ya sani.

Buzu tsohuwar dabara ce, mahaya doki sun riga masu mashin saninta, kuma matafiya a ƙasashen Turai da Ostireliya har yau suna ɗora fatar tunkiya a sit. Gashin yana raba fata da leda, yana shan gumi, da sanyin asuba kuma yana da ɗumi. Sai dai tumakinmu gashi gare su gajere, ba ulu mai kauri irin na can ba, saboda haka kada a sa ran laushi mai yawa. A samu wanda aka jeme da kyau, in ba haka ba damina ta farko wari zai kore ka, a kuma ɗaure shi da roba biyu ta ƙarƙashin sit don kada ya zame a kwana.

Shimfiɗar 'ya'yan katako mai kama da carbi, irin ta direbobin haya, tana ba da iska fiye da komai, amma a mashin tana da santsi wajen birki, ga siririn wando kuma tana zana jiki. In igiyar ta tsinke a hanya, shi ke nan.

Matashin iska, irin su Airhawk da kwaikwayonsa na Sin, shi ya fi kowanne raba nauyi daidai, kuma shi ne zaɓin wanda ƙashin ƙarshen gadon bayansa ke ciwo. Kuskuren da kowa ke yi shi ne cika shi da iska kamar ƙwallo. Hura shi kaɗan, ka zauna, ka riƙa sakin iska har ya rage kamar kaurin yatsa ɗaya tsakaninka da sit. In ya cika, za ka riƙa yawo a kai, mashin ya daina jin maganarka a kwana. Ka tuna kuma iskar da ka hura da asuba za ta kumbura da azahar, sai an rage. Ƙaya ɗaya ko bakin makulli na iya gamawa da shi, kuma abu ne da ake cirewa a tafi da shi in an faka a kasuwa.

Jel, wato roban nan mai motsi kamar daskararren kunu, an fi yabonsa fiye da aikinsa. Yana rage ƙananan girgiza, gaskiya ne, amma yana riƙe zafi ya daɗe bai huce ba, wanda a Kano babban aibi ne. In dole sai shi, a binne shi cikin soso, kaurin santimita 1.5 zuwa 2, da soso santimita 1 a samansa, ba a ɗora shi a waje ba. Sosan nan mai riƙe shatin hannu, wanda ake matashin kai da shi, shi ma haka: zafi na narkar da ƙarfinsa ya lotse, sanyin Janairu ya mayar da shi kamar katako. Bai wuce siririn hawa na sama ba.

Na waje

Kamfanonin Amurka irin su Corbin, Sargent da Saddlemen suna ƙera sit sukutum da farantinsa, kowanne don takamaiman mashin, kuma aikinsu na da kyau. Manyan mashina ake yi wa, su BMW da Harley-Davidson da manyan Honda da Yamaha, farashi ɗaruruwan daloli kafin kuɗin jirgi da kwastan. Mai babban mashin da ke zuwa Abuja ko Jos a kai a kai zai iya ganin amfaninsa. Ya tabbatar da samfuri da shekarar ƙirar mashin ɗinsa kafin ya tura kuɗi, don sit ɗin wata shekara ba lallai ya hau na wata ba, mayarwa kuma daga nan wahala ce. Irin wannan sit ɗin yakan zo da tauri, sai an yi tafiya da shi kafin ya kwanta. Ga mai Boxer, wannan zance ne na kallo.

To wa zai ɗauki wanne? Wanda zafi da gumi ne kawai damuwarsa, ya fara da raga, ƙila ba zai ƙara kashe ko sisi ba. Wanda ke jin ƙashi na taɓa faranti, ko yana zamewa gaba, ko gabansa na sagewa, gyaran mai kushin ne nasa, ya ɗora raga daga baya. Wanda farantinsa ya tsage, ya sayi sabon na asali, in ya ga dama ya kai shi a faɗaɗa. Mai goyon iyali ya sa a yi wa bayan irin aikin gaban: shimfiɗaɗɗe, mai faɗi, da ɗan tudu tsakanin wurin direba da na fasinja don kada na baya ya riƙa zubowa a kansa, kuma kada faɗin ya rufe ƙarfen riƙewa.

Wani ciwon ma ba na sit ba ne. Masu faci da yawa suna ɗura iska har taya ta koma dutse, alhali yawancin ƙananan mashinan nan 25 suke so a gaba a ma'aunin iska na PSI, 28 a baya, 32 in da goyo. Lambar tana cikin littafin mashin. Shokozoban da ya zubar da mai zai miƙo maka kowane rami ko wane irin soso ka sa. Walat a aljihun baya na karkata ƙugu, bakin riga da ya dunƙule a ƙarƙashinka ma haka. A gyara waɗannan kafin a ɗora wa sit laifi.

In an gama aiki, kada gwajin farko ya zama ranar tafiya Kaduna. Je Wudil ka dawo, wajen kilomita 80 ke nan, ba tare da ka sauka ba sai a can. Ka lura da mintin da ka fara gyara zama da kuma daidai wurin da ya fara ciwo. Tun wajen ciniki ka yi da mai kushin cewa za a buɗe sau ɗaya a gyara ba tare da sabon kuɗi ba, ka kuma roƙe shi kada ya datse rarar ledar da ke ƙasa sai bayan wannan gwajin, don in ya datse, ba abin da zai kama ya sake ja.